Ranar Da Aka Yi Wa Injin Huɗa Ɗura

Tun da na dawo daga Birnin Gwari ban samu na ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya leƙo shago, kafin ya ce ina kwana sai ya ce, "Sabi'u, yaya aka ƙare da inji?" Wanda na ba labari jiya, yau sai ya dawo da abokinsa ya ce in maimaita. Ga 'yan majalisarmu sun fara sa wa labarin gishiri, har na ji ana cewa wai wata mata ta ja min kunne a gaban surukina. Ba a ja min kunne ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin yadda ya faru, kowa ya karanta ya bar ni in yi wa mutane ɗinkinsu.

Ga wanda bai san ni ba, ni tela ne a Kaduna, haihuwar birni, rabona da fartanya tun gonar makarantar firamare. Matata Balaraba kuwa 'yar Tudun Maje ce, wani ɗan ƙauye a bayan Birnin Gwari, dab da bakin daji. Mahaifinta, wanda nake kira Baba, manomi ne na gasken gaske. Shekarun da daji ya ɓaci aka kore masa shanun huɗarsa, ƙauyen ya watse, shi da Inna, surukata, suka yi shekara biyar suna zaman cikin gari wurin dangi. Bana da ƙura ta lafa suka koma gida. Gona tana nan inda ya bar ta, amma babu abin huɗe ta. Duk ƙauyen shanu biyu suka rage, na amininsa Malam Audu, su ake bi da layi gida-gida.

Wannan ya sa ni da Balaraba muka haɗa ƙarfi muka sayi ƙaramin injin huɗa, irin mai shan fetur ɗin nan da ake riƙewa da hannu biyu ana bin sa a baya. Ranar da na je ɗauka, mai shagon ya murɗa wani jan makunni, ya ja igiya sau ɗaya, inji ya kama ruri. Ya kashe ya ce in gwada. Na ja, ja ɗaya, ya tashi. Wallahi sai na ji kamar ni na ƙera shi. Mutumin ya tsuguna yana nuna min wasu 'yan ƙarafa a gefe, yana cewa, "Wannan kuma, in da safe ne..." Na katse shi na ce, "Haba Alhaji, shekarata ashirin ina fama da keken ɗinki, inji ai inji ne." Ya ce to. Abin da kawai na riƙe daga bakinsa shi ne ya riga ya zuba baƙin mai, kuma kada in yarda a kwantar da injin a mota.

Tun ban bar kasuwa ba na buga wa Baba waya. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba, amma ranar har 'yan dako suna juyowa. Na ce, "Baba, ja ɗaya ne! Kafin ka ce kwabo ya gama gonar!" Ya ce madalla, Allah ya yi albarka. Sai da na isa gida Balaraba ta tare ni da abin da wayata ta haifar. Ashe layin Baba na shanu ranar Laraba ne, kuma yana ajiye waya ya aika wa wata mata mai riƙon marayu cewa ya bar mata ranar. In layi ya wuce mutum sai bayan mako uku yake zagayowa, lokacin kuwa shukar masara ta wuce.

Ta ce, "Ka dai tabbata ka iya tada abin nan?"

Na ce, "Ke dai shirya min guzuri."

Talata da sassafe na isa tasha. 'Yan kamasho suka kewaye inji, wannan ya ce na markaɗe ne, wancan ya ce babur ne da aka yanke wa gindi. Direban bas ɗinmu, wani dogo mai tsinken sakace a baki, ya ce a kwantar da shi a saman mota kan buhunan taki a ɗaure. Na ce sai dai a kwantar da ni. Aka yi ta ja-in-ja har aka ninke kujerar baya aka tsayar da shi a nan, hannayensa biyu suka miƙo ta kan kafaɗun fasinjoji. Wata tsohuwa ba ta ɓata lokaci ba ta rataya ƙullin kayanta a ɗaya. Ɗayan kuwa ya saitu daidai ƙeyar wani malami mai zanna bukar, duk ramin da muka faɗa sai ya ture masa hula zuwa goshi. Malamin ya gyara ya fi sau talatin, daga baya ya cire ta ya ɗora a gwiwa.

Ba mu yi nisa ba aka kafa muhawara a kan injina. Wani dattijo ya ce ƙasa ba ta son abu mai hayaƙi. Tsohuwar nan ta ce ita dai in ba ya cin dusa ta yarda da shi. Ni kuwa na gyara zama na shiga bayani kamar malamin gona: zurfin da yake shiga, man da yake sha, har da abin da ban sani ba. A Buruku muka tsaya, na ci dafaffiyar doya da yaji da man gyaɗa, na saya wa malami mai hula tasa don in wanke laifina.

Daga nan hanya ta shiga daji, kuma hira ta mutu ba tare da kowa ya ce a yi shiru ba. Direba ya kashe kiɗa. Nan da can ka ga gawar mota a ƙone a gefen titi, ciyawa ta fito ta tagoginta. Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro, kuma duk addu'ar da na iya na karanta, har da ta cin abinci. Amma can gaba sai muka fara wuce mutane da buhunan iri a bayan babura, da gonakin da aka share kwanan nan, kututture na hayaƙi. Tsohuwar ta nuna wani gari ta taga ta ce bara ko akuya babu a nan, ga shi yanzu har da mai shayi.

Kafin a shiga Birnin Gwari akwai wurin binciken jami'an tsaro, a nan kowa ke sauka. Jami'in da ya buɗe bayan motar ya dubi inji, ya dubi babbar jarkar fetur da na sayo tun daga Kaduna, ya ce, "Na waye?" Duk motar ta nuna ni da baki. Ya ce ba a wucewa da mai mai yawa haka a jarka, saboda mutanen daji. Na shiga rantse-rantse, na fito da takardar sayen inji, har hoton Balaraba na nuna masa, ban san dalili ba. Ya yi dariya ya ce in cika tankin injin da ƙaramin galan ɗaya, sauran a juye a motar. Direba ya riƙe mazurari yana sa min albarka kamar na kai shi Makka. Da za mu wuce jami'in ya shafa hannun injin, ya ce babansa ma manomi ne, da garma ta hannu ya tsufa. Ya ce, "Yana wahalar tashi?"

Na ɗaga yatsa ɗaya na ce, "Ja ɗaya, yallaɓai."

A cikin gari na yi azahar, na samu wata akori-kura mai zuwa ƙauyukan wajen su Baba, aka ɗora mu, ni da inji da buhunan gishiri da tinkiya biyu. Na rungume injin tsam don kada ya kife. A wannan hanyar na fara ganin matan Gbagyi da kaya a kafaɗa, itace ne, ƙwarya ce, duk a bayan wuya, kai kuwa fayau babu komai. Mu da muka saba ganin tulu da faranti a ka, sai abin ya zame min abin kallo. Na tambayi wani fasinja, ya ce a wurinsu kai na tunani ne, ba na dako ba. Ina cikin jinjina wannan magana muka kafe a wani rafi, aka ce maza su sauka turi. Na sauka da farar shaddata da na goge musamman don gidan surukai. Mota ta fita, ta bar min taɓo har ƙirji, kuma takalmina na ƙafar hagu yana nan a rafin har gobe.

Haka na shiga Tudun Maje bayan la'asar, ƙafa ɗaya da takalmi. Ashe duk gari ya san da zuwana. Aka sauke inji da kabbara da guɗa, aka tura shi har rumfar ƙofar gidan Baba. Na tsuguna can nesa na gaishe shi, kaina a ƙasa. Ya rame fiye da yadda na san shi, amma fuskarsa fal murna. Ya zagaya injin sau biyu bai taɓa ba. Inna, wadda saboda kunyar surukuta ba ta taɓa yi min magana kai tsaye ba, ta aiko da sabuwar tabarma aka lulluɓe shi. Jama'a suka ce a tada shi yanzu a ji muryarsa. Baba ya ce a'a, baƙo ya gaji, a bari sai da safe a gona. Da sun bar ni na gwada a lokacin, da asirina ya tonu tun da sauran lokacin gyara.

A can suruki ba ya kwana gidan surukansa, don haka aka sauke ni a zauren Malam Audu mai shanu. Tsoho ne gajere mai bakin tsokana. Kafin magariba kwanuka suka fara shigowa, don al'adarsu kowane gida sai ya aiko wa baƙo abinci, na Musulmi da na Kirista duka. Mu a Kaduna maƙwabcinka sai ya yi baƙo ya tafi ba ka sani ba. Na ƙirga kwano tara: tuwon dawa da miyar kuka da ta ji daddawa, fate, dafaffen wake, da ƙwarya cike da nunannun 'ya'yan kaɗanya. Malam Audu ya ce kwanon da ya koma ba a taɓa ba zagi ne. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har na kasa tanƙwaruwa.

Yana kallona ya ce, "Wai injin nan naka, yana ba da taki?"

Na ce a'a.

"In ya tsufa ana yanka shi a ci?"

Na ce, "Malam, amma ba ya gajiya, kuma ɓarawo ba ya kora shi da sanda."

Ya ce, "To, gani ya kori ji."

Da yamman nan aka yi ruwa mai yawa, gari ya waye da sanyi da raɓa. Bayan asuba muka tura inji zuwa gona, dattawa a gaba, mata da yara a baya. Samari duk sun bi shanun Malam Audu zuwa gonar matar nan mai marayu, kuma daga inda muke tsaye ana hango su, har sun fara aiki. Gonar Baba kuwa shimfiɗeɗɗiya ce, ya share ta tas da hannunsa, ƙasa ta jiƙu tana jira.

Na naɗe hannun riga. Na buɗe famfon mai, na murɗa jan makunni, na dubi jama'a, na yi bismilla da ƙarfi, na fizgi igiya.

Shiru.

Na yi murmushi na ce gaisuwa ce. Na sake ja. Ya yi wani ɗan tari ya yi shiru. Na ja na uku, na huɗu, na goma. Wajen na ashirin kafaɗata ta fara zafi, gumi ya jiƙa ni duk sanyin nan. Na leƙa tanki, mai na nan. Na kashe makunni na kunna. Na bubbuga injin da tafin hannu, yadda nake yi wa keken ɗinki in zare ya sarƙe. Wata yarinya ta yi dariya, uwarta ta kai mata dundu.

Sai mai unguwa ya matso ya ce, "Ɗan birni, hannun allura ne da kai, kawo." To a can ba a tsallake babba, don haka da ya ja nasa sau biyar ya gaji, sai aka bi da shekaru. Liman ya ja, dattijon coci ya ja, wani tsoho da ko tsayuwa sai da sanda ya ce shi ma sai an ba shi haƙƙinsa, aka riƙe masa ƙugu ya ja, igiyar ta koma da shi har sai da aka taro shi. Kowa ya ja sai ya koma gefe ya faɗi ra'ayinsa. Wani ya ce kambun baka ne. Wani ya ce injin bai saba da ruwan garin ba. Ni dai ina tsaye ina cewa, "A Kaduna fa ja ɗaya ne," har na ji maganar ta fara ba ni kunya.

Malam Audu ya daɗe yana kallo, hannu a baya. Ya ce, "Ku dakata. Ni na san wannan ciwon. In sa ya kwana cikin sanyi ya ƙi tashi, ba duka ake yi ba, ɗura ake yi masa." Dattawa suka ce ƙwarai kuwa. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san ɗura: a cika kwalba da jiƙon kanwa, a ɗaga kan dabba a zuba mata ta baki. Ya ce in nuna masa inda injin yake shaƙar iska. Da na san abin da nake yi da na hana, amma rashin sani ya fi dare duhu, kuma ina neman duk wanda zai fid da ni. Na kwance murfin, muka ciro wani soso, aka tsiyayo fetur daga galan a kwalbar lemo. Mutum biyu suka ɗan karkata injin, Malam Audu ya ɗura masa, har yana shafa tankin yana cewa, "Haɗiye, haɗiye."

Aka sake bin layi daga mai unguwa. Wannan karon ko tarin ma ya daina. Sai warin fetur da ya cika gonar.

Rana ta ɗaga. Mata suka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Na saci kallon Baba, na ga ba injin yake kallo ba, shanun can yake kallo, sun kusa raba gonar matar biyu. Da zagina ma ya yi da ya fi min sauƙi. Tsohon nan ya jira shekara biyar, ya samu rana ɗaya tak, bakina ya raba shi da ita. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Can ya juya ya ce wa Inna a hankali ta aika gida a ɗauko masa garmarsa ta hannu, ko gefe ɗaya ne ya rage. Mutum mai shekara saba'in.

Ana cikin haka wata mata ta biyo ta hanyar gonar da damin itace a kafaɗa. Maman Yohanna ake kiranta, 'yar Gbagyi ce, ita ke da injin markaɗe ɗaya tilo na ƙauyen. Tun da asuba muna jin ƙarar injinta daga bayan coci, amma a cikinmu babu wanda ya kawo ta a rai. Ta tsaya ta shaƙi iska, ta sauke itacen.

Ta ce, "Sannunku da aiki. Baban Balaraba, ina kwana. Wa ya yi wanka da fetur?"

Malam Audu ya ce, "Ɗura muka yi masa."

Ta dube shi, ta dubi kwalbar, ta dafe ƙirji. Dariya ta kama ta har sai da ta zauna a kan itacenta. Ta ce, "Malam, wannan ba Bakale ba ne!" Bakale sunan ɗaya daga shanunsa ne. Malam Audu ya ce ai dabara ce, ita ma ta faɗi tata. Ta kwance bakin zaninta, sai ga sifana a ƙulle tare da goro.

Ta cire filogi ta nuna mana, jiƙe sharkaf, baƙi ƙirin. Ta ce, "Kun shaƙe shi. Wuta ba ta kamawa a cikin ruwa." Ta goge shi da gefen zani, ta ɗora a kan dutse a rana. Ta kashe makunni, ta rufe famfon mai, ta sa aka matsar da galan can nesa, ta kori wani da ke shirin kunna taba. Sannan ta ce in ja igiya filogi a cire. Na ja sau da yawa, feshin mai yana fita ta ramin. Ta ce a bar shi ya sha iska. Muka tsaya cirko-cirko, dattawan gari guda, muna jiran filogi ya bushe.

Ta ce, "Mijin Balaraba, can inda ka saya, da ka taɓa jikinsa, da zafi ko ba zafi?"

Sai a lokacin na tuna. Da na dafa shi a shagon har na janye hannu, don mai shagon ya gama nuna wa wani mai saye kafin in zo. Na ce, "Da zafi."

Ta ce, "To ka gani. Mai zafi ko jinjiri ya tada shi. Wanda ya kwana daban ne." Ta nuna ɗan ƙarfen nan na gefe, shi dai wanda mai shago ya so nuna min. "Wannan cok ne. Da safe ka tura shi nan, ka rufe masa iska, ya ja mai da kauri. In ya tashi ka buɗe kaɗan-kaɗan. In ka manta shi a rufe, ya shaƙe ya mutu. Ni kullum haka nake yi da nawa, fiye da shekara goma."

Ta mayar da filogi ta ɗaure, ta mayar da soso da murfi, ta sa muka daidaita injin a wuri mai lebur. Ta buɗe mai, ta kunna makunni, ta ɗan ɗaga totur, ta rufe cok. Na zaci ita za ta ja, sai ta matsa gefe ta ce wanda ya kawo shi ya ja. Har yau ina gode mata wannan. Na kama igiya zan fizga da dukan ƙarfina, ta riƙe min hannu.

"Ba dambe ba ne. Ja a hankali har ka ji ya riƙe ka. Ka ji? To bar ta ta koma. Yanzu fizga."

Na fizga. Ya yi tari. Na sake. Ya yi tari biyu, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya yi kamar zai mutu, ta sa yatsa ta ɗan buɗe cok, sai ya kama. Jama'a, ya kama!

Ban san lokacin da na yi tsalle ba. Na rungume liman, na rungume dattijon coci, saura kaɗan in rungume Baba, Allah ya taimake ni na tuna ko shi wane ne na tsuguna a gabansa ina haki. Matan da suka tafi suka dawo da gudu suna guɗa. Tsohon nan mai sanda ya ce jansa ne ya sassauta shi. Malam Audu ya ce ko ma mene ne, ɗurarsa ta taimaka, Maman Yohanna ta ce, "Ta taimaka wa mai sayar da fetur." Ta hana ni taɓa komai sai da injin ya ɗumama, muryarsa ta daidaita, sannan ta buɗe cok gaba ɗaya ta ce bismilla, ga gona.

Na kama hannaye na matse kuloci. Babu wanda ya gaya min abin yana da ƙarfin jaki uku. Ya fizge ni, na bi shi da gudu da aron silifas, muka yi wani layi mai kama da tafiyar maciji, muka nufi wata ɗorawa gadan-gadan, jama'a na ihu in saki, ni kuma na ƙara matsewa. Da ƙyar na sake shi taku biyu kafin bishiyar. Sai ga Baba a gefena, yana dariya har da hawaye, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce, "Kawo nan, ɗana. Kai ka iya tashi, ni na iya tafiya." Ya karɓa, ya yi layi ɗaya a karkace, na biyu ya miƙe sak kamar an ja zare. Ƙasa tana juyewa baƙa a bayansa, shi kuwa ko waiwaye.

Yini guda ina bin sa da galan. In za a ƙara mai dole a kashe, kuma kowane kashewa sai gabana ya faɗi, amma da zafinsa ja ɗaya ne, kamar yadda na yi ta shela. Kafin la'asar an ci fiye da rabin gona. Sai dai wani abu ya tsaya min a rai: gobe ma safiya ce, inji zai sake kwana, ni kuma akori-kurar da za ta fitar da ni da sassafe take wucewa. Maman Yohanna tana da layin masu markaɗe da ke jiranta kowace safiya. Da yamma na ce wa Baba ko in ƙara kwana biyu. Ya ce a'a, in koma wa iyalina da aikina.

Washegari na zo sallama da jakata, na tarar ya riga ya fito da inji ƙofar gida shi kaɗai, raɓa ta jiƙa tankin. Bai gan ni ba, na tsaya a bayan zana. Ya buɗe mai, ya murɗa makunni, ya ja. Shiru. Ya sake ja. Shiru. Ƙafata ta ɗaga za ta fita, sai na ji an ce "a'a" ƙasa-ƙasa a bayana. Inna ce, tana tsaye da tsintsiya, idonta a kan mijinta.

Baba ya saki igiya ya miƙe. Ya tsaya yana kallon injin, leɓensa na motsi, yana lissafa wani abu da yatsu. Sai ya sunkuya ya tura cok. Ya ja a hankali har ta riƙe shi, ya bar ta ta koma, ya fizga. Inji ya yi tari ya kama. Ya tsuguna kusa da shi yana buɗe ɗan ƙarfen kaɗan-kaɗan, kunnensa a karkace yana sauraro, har ƙarar ta zauna daidai. Sannan ya kama hannaye ya nufi hanyar gona.

Inna ta share ido da bakin mayafi. Ta ce, "Je ka, Sabi'u, kada mota ta bar ka. Ka ce wa Balaraba bana daga gida za a aiko mata da masara."